Horon asibiti a ƙasar waje: wace hanya ce aljihun ɗalibi zai ɗauka?

Ɗalibin likitanci da ya kai aji biyar a Kano, Zariya, Sakkwato ko Maiduguri, in ya fara sha'awar yin makonni huɗu a wani asibiti na waje, abin da yake soma nema a intanet shi ne tallafi. A nan ake ɓata watanni. Yawancin tallafin da zai ci karo da shi, kamar na kwalejojin ƙwararrun likitoci na Birtaniya, an tanade shi ne domin ɗalibansu masu fitowa zuwa irin ƙasashenmu. Chevening, tallafin gwamnatin Birtaniya, na digiri na biyu ne. Tallafin TETFund na malaman manyan makarantu ne. Bashin NELFUND da aka fara bayarwa a 2024 kuɗin makaranta ne da na kashewa a cikin gida. Hukumomin tallafin karatu na jihohi kuwa sun saba da cikakken digiri, ba ziyarar wata guda ba. Saboda haka shawarata a juya lissafin: a zaɓi wurin da zai rage kuɗin tun farko, sannan a nemi cikon.

Mafi sauƙi a ganina shi ne musanyar ɗalibai ta IFMSA, tarayyar ƙungiyoyin ɗaliban likitanci ta duniya, wadda NiMSA, ƙungiyar ɗaliban likitanci ta ƙasa, ke wakiltar Nijeriya a cikinta. Tsarin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ne: ka tafi, wani ya zo. Iri biyu ne, SCOPE na aikin asibiti da SCORE na bincike, galibi makonni huɗu. Masu masaukinka su ke ba da ɗaki da abinci aƙalla sau ɗaya a rana, kai kuma ka biya kuɗin musanya, tikitin jirgi, biza da inshora. Ɗaki kaɗai a Turai yana iya cinye rabin guzurin mutum, don haka wannan ba ƙaramar rahusa ba ce. Aibinsa shi ne guraben kaɗan ne, kuma sau da yawa ana fifita waɗanda suka yi wa ƙungiya hidima. Wanda bai taɓa leƙa taron ƙungiyar ɗalibai ba sai ranar da ya ji labarin tafiya, to ya makara. Kuma ba lallai ne ka samu ƙasar da ka fi so ba.

Amurka ita ce ta fi jan hankali, ita ce kuma ta fi tsada. Makarantu da yawa a can suna karɓar baƙi ta VSLO, manhajar neman gurbin horo, amma sai makarantarka tana cikin tsarin. Wasu suna neman sakamakon matakin farko na USMLE, jarrabawar lasisin aikin likita a Amurka, ga kuɗin horo da dala, ga inshorar kuskuren aiki. Kuɗin neman biza dala 185 ne, ba a mayarwa ko an hana ka, kuma tun 2025 aka tsaurara wa 'yan Nijeriya sharuɗɗa. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, sai kowane lissafi ya ninka fiye da sau uku. In ba kana da niyyar neman ƙwarewa a can ba ne, kana kuma buƙatar takardar shaida daga likitansu, ban ga dalilin sayar da gonar gado ba. Birtaniya tana bari a yi irin wannan horo da bizar ziyara, amma makarantunta suna cajin baƙi, guraben kuma suna cika da wuri, wani lokacin shekara guda kafin lokaci. Jamus da dama-dama wajen kuɗin horo, sai dai ba a aiki da marar lafiya ba tare da Jamusanci ba.

Akwai hanyar da ake rainawa, alhali ta fi dacewa da yawancinmu: Afirka. Asibitin Korle Bu a Akra ko Komfo Anokye a Kumasi ba sa buƙatar biza ga mai fasfon ECOWAS, sai katin rigakafin shawara, kuma mai ɗan'uwa a Zango ya huta da kuɗin haya. Masar tana da manyan asibitocin koyarwa irin Ƙasrul Aini a Alƙahira, rayuwa kuma ba ta kai ta Turai tsada ba. Baƙon ɗalibi a Turai ko Amurka sau da yawa kallo ne nasa. A nan kusa an fi sakar masa hannu.

To, cikon daga ina? Fara da takarda daga shugaban kwalejinku da kuma takardar karɓa daga asibitin da za ka je. Babu mai ba da kuɗi a kan buri. Da su za ka tunkari ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, da likitocinmu na waje irin na MANSAG a Birtaniya ko ANPA a Amurka. Kada ka ce musu a taimaka kawai. Ka roƙi abu ɗaya takamaimai, ko ɗakin kwana ko tikiti. Ɗan majalisa da attajirin unguwa sun fi amsa kasafi mai shafi ɗaya da ke nuna abin da ka riga ka tara. Amma kada ka sayi tikiti a kan alkawari.

Game da dillalan da ke cewa a turo kuɗi za su samo gurbi, ka rubuta wa ofishin ɗalibai na asibitin kai tsaye ka tabbatar. Ka kuma tabbatar makarantarku za ta saka horon cikin jadawalinta, don kada ka dawo ka tarar an gama zagayen tiyata ba da kai ba.