PS4 na hannu da ake loda wa gem a Kano: duba kafin ka kai wa yara

Injin wasan gem na PlayStation 4, wato PS4 Slim mai 500GB na hannu, irin wanda ake samu a shagunan Farm Centre da Beirut Road, har yanzu inji ne mai ƙwari. Abin dubawa shi ne gem ɗin da aka zuba a ciki. Ban da ƙwallo da tseren mota, yawancinsu kisa ne: Call of Duty harbi, GTA V fashi da harbi, Mortal Kombat 11 kuwa har tsinke kan abokin karawa ake yi, jini faca-faca. Mai shago abin da matasa ke nema yake lodawa, ba ruwansa da shekarun ɗanka.

Ka duba alamar PEGI, wadda ke nuna shekarun da gem ya dace da su a bugun Turai. Kore mai 3 ko 7 na yara ne, 12 da 16 ruwan lemo, 18 ja. Bugun Amurka na irin waɗannan gem na kisa harafin M yake ɗauka, wato daga shekara 17.

Makullin iyaye yana aiki. Shiga Settings, sai Parental Controls/Family Management, sai PS4 System Restrictions. Lambar asali 0000 ce; ka canja ta nan take, don yaran yanzu sun san ta. Sannan ka zaɓi matakin shekaru, ka kuma hana buɗe sabon mai amfani.

Illolinsa biyu a garin nan. Ƙurar hunturu na toshe fanka har ta riƙa ƙara kamar injin niƙa, sai an buɗe an kakkaɓe. Ɗauke wuta ana cikin wasa kuma na lalata bayanan da injin ya ajiye. In haka ta faru, injin na kashe ka danne maɓallin kunnawa har ya yi ƙara sau biyu, ka zaɓi Rebuild Database.