Fitilun adon gida a Amurka: ka ɗauko kamfani ko ka hau tsani da kanka?

Ɗan'uwa, ka rubuto cewa kun sayi gida mai bene a jihar Mishigan, yara sun matsa a yi wa gidan ado da fitilun Kirsimeti kamar na maƙwabta, wani kamfani kuma ya aiko maka da farashin da ya ba ka tsoro, shi ya sa kake tambaya ko ya fi maka ka sayi fitilun a kanti ka ɗaura da kanka. Na bi hanyoyin biyu a shekarun da na yi a ƙasar nan, kuma abin da na gani shi ne tsayin gidan ne ya kamata ya yanke hukuncin, kafin a zo maganar kuɗi.

Idan aka dubi kuɗi kaɗai, babu shakka yi da kanka ya fi sauƙi. Za ka shiga Home Depot ko Walmart ka sayi igiyoyin fitila da maƙalan roba da dogon waya da agogon da ke kunnawa da kashewa, kayan kuma su zama naka har shekaru masu zuwa. Kamfanoni kuwa galibi suna lissafi ne da tsawon bakin rufin, ƙafa ƙafa, sannan su ƙara kuɗin kowace bishiya da kowace taga, su kuma ƙara idan rufin ya yi tsayi ko gangara. Ƙaramin gida kan tashi a ɗaruruwan daloli, babba kuwa yakan haura dubu. Sai dai ka karanta takardar da suka aiko maka da kyau, domin yawancinsu hayar fitilun suke ba ka: su ne za su kawo, su ɗaura, su gyara idan wani ɓangare ya mutu, su sauke a watan Janairu, su ajiye a rumbunsu. Wasu kuma sayar maka suke yi a shekarar farko, daga nan sai ka riƙa biyan kuɗin aiki kawai. Farashi biyu da suka yi kama da juna a takarda suna iya zama ciniki biyu mabambanta ƙwarai.

Kayan da kansu ma ba ɗaya ba ne. Igiyar kanti tana zuwa da tsawon da masana'anta ta yanka, saboda haka ko dai ta gaza kaiwa kusurwar rufin, ko ta yi saura ka rasa inda za ka ɓoye ta. Masu sana'ar suna zuwa da nadin waya mai gurbin ƙwai a kowane inci 12, su yanka daidai da gidanka, su ɗaura manyan ƙwayayen da ake kira C9, kowanne da maƙalinsa a jikin indararo ko gefen rufi. Wannan ne dalilin da ya sa idan ka bi unguwa da dare kana iya gane gidan da aka biya aka yi wa: layin ya miƙe sambal, ƙwayayen duk sun fuskanci gefe guda, ba ka ganin waya tana reto. Mai haƙuri yana iya sayen irin wannan wayar ya yi nasa, amma shekarar farko za ta ci masa yini guda ko fiye.

Maganar wuta tana buƙatar natsuwa, musamman a gare mu da muka saba da bolt 230 a gida. A nan bolt 120 ne, kuma layin soket na yau da kullum mai amfiya 15 iyakarsa wat 1,800, abin da zai daɗe a kunne kuwa bai kamata ya wuce kashi 80 cikin ɗari na wannan ba, wato wat 1,440. Tsohon ƙwan C9 mai zafi yana cin kimanin wat 7, saboda haka rufi mai ƙafa 150 zai ci wat 1,050 kafin ka taɓa bishiya ko ɗaya, alhali irinsa na LED bai kai wat ɗaya ba. Da zuwan LED lissafin ya yi sauƙi ga mai yi da kansa, amma ruwa bai daina zama matsala ba. Dole fitilun waje su shiga soket irin na GFCI, wanda ke katse wuta da zarar ta fara zurarewa, kuma dole su kasance waɗanda aka yi domin waje. A tambarin UL, wato kamfanin da ke gwada amincin kayan lantarki, da ke jikin igiyar, ja na nufin ciki da waje, kore kuwa ciki kawai. A shekarata ta biyu fitiluna sun riƙa mutuwa duk daren da aka yi ruwa, na yi ta zargin kayan, sai daga baya na tarar da mahaɗar wayoyi biyu kwance cikin ɗan ramin da ruwan indararo ke taruwa a gindin bango. Da na ɗaga ta daga ƙasa na sa ta cikin akwatin roba mai murfi, matsalar ta ƙare. Wanda ya biya kamfani waya kawai zai buga a zo a duba. Wanda ya yi da kansa shi ne zai fita da tocila cikin sanyi.

Inda hanyoyin biyu suka rabu sosai shi ne tsani, kuma a nan nake roƙonka ka dakata ka yi tunani. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka, CPSC, ta ƙiyasta cewa ana samun raunuka kimanin 160 a kowace rana a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara ta dalilin adon gida, faɗuwa ce kuma ta fi yawa a cikinsu. Ƙa'idar tsani sananniya ce: a kowace ƙafa huɗu ta tsayi a janye gindinsa ƙafa ɗaya daga bango, idan za a taka rufi kansa ya zarce bakin rufin da ƙafa uku, kuma a samu wanda zai riƙe shi. Faɗin ƙa'idar ba wuya, kiyaye ta ne da wuya idan ƙasa ta daskare, yatsu sun sandare, ga wani maƙali ɗaya da ya rage can gefe wanda zuciya ke cewa miƙa hannu kawai ba sai ka sauka ka matsar da tsanin ba. Bakin rufin gida marar bene bai fi ƙafa goma ba, na gida mai bene kuwa yana kusan ƙafa ashirin, ƙololuwarsa ta wuce haka. Mutumin da ya faɗo daga irin wannan tsayi a ƙasar da asibiti ke da tsada kamar nan zai biya ninkin ba ninkin abin da ya so ya rage, bayan kwanakin da zai yi bai je aiki ba. Kuma mutane sukan manta cewa hawan sau biyu ne. Na watan Nuwamba yana zuwa da ɗoki, yara suna tsaye suna kallo, na watan Janairu kuwa shi ne mai haɗari, lokacin da indararo ya cika da ƙanƙara, maƙalan roba suna karyewa a hannu saboda sanyi. Ba a kuma barin su shekara ta zagayo, domin dokar wutar lantarki ta ƙasa ta ba irin waɗannan fitilun wucin gadi kwana 90 ne kawai, ƙungiyoyin masu gidaje na unguwanni da yawa ma suna da nasu wa'adin da ya fi wannan gajarta.

Ba ina cewa duk wanda ya zo da mota da tsani amintacce ba ne. Da yawa daga masu wannan sana'a masu yankan ciyawa ne ko wankin tagogi da ke neman abin yi a lokacin sanyi, a cikinsu akwai gwanaye, akwai kuma waɗanda bana suka fara. Ka nemi takardar inshora iri biyu, ta ɓarnar da za su iya yi wa gidanka da ta raunin ma'aikaci, domin idan babu ta biyun kuma wani ya faɗo a harabarka, maganar tana iya dawowa kanka. Ka tambaye su da me suke maƙalawa, kada ka yarda da ƙusa ko wani abu mai huda rufi. Ka sa a rubuta ranar saukewa da kwanakin da za su ɗauka kafin su zo gyara. Wani kamfani da na taɓa ɗauka ya bar mini nasa har cikin Fabrairu saboda ban sa an rubuta ba, sai da wasiƙar gargaɗi ta zo mini daga ƙungiyar unguwa. Ka kuma kira su tun Satumba ko Oktoba, domin kowa yana son nasa ya kama wuta a makon bikin godiya na ƙarshen Nuwamba.

Da ni ne a gidanka, raba aikin zan yi. Zan ba kamfani bakin rufin sama da ƙololuwa kaɗai, in ce su cire bishiyoyi da tagogi daga lissafin, sannan ni da yara mu yi baranda da ƙofa da shuke-shuken gaban gida, duk abin da hannu ko gajeren tsani zai kai. Farashin zai sauko sosai, yaran kuma za su sa hannu a abin da suka roƙa.

'Yan'uwa Musulmi da suka yi tambaya a ƙarƙashin saƙonka game da adon azumi, kamar yadda ake yi a gidajen birnin Dearborn kusa da kai, lissafinsu ya ɗan bambanta. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, a 'yan shekarun nan yana faɗowa a Fabrairu da Maris, lokacin da masu haya suka riga suka kwashe kayansu, saboda haka sai an yi ciniki na musamman da su. Ga mai son haske a azumi da salla biyu, ya dace ya nemi farashin fitilun dindindin irin na Trimlight ko JellyFish, waɗanda ake kafawa sau ɗaya cikin siririn kwaroro a ƙarƙashin bakin rufi, ana sauya launinsu daga wayar hannu. Kuɗin farko ya ninka na haya sau da yawa, kuma sai an nemi izinin ƙungiyar unguwa a rubuce kafin a huda ko'ina.