Yadda na kaya da fowadin na imel bayan an sayar da kamfanin intanet ɗinmu

Wallahi ban taɓa kawowa a raina cewa adireshin imel ɗina aro ba ne sai ranar da wasiƙa ta iso cewa kamfanin da ke ba mu intanet a gida nan Ingila an sayar da shi. Tun zuwana na buɗe imel ɗin da sunan kamfanin a ƙarshensa, saboda tare da layin suka ba ni, ni kuma na ga banza ta faɗi na bi na raba shi ko'ina, banki, asibitin unguwa, makarantar yara, hukumar haraji ta HMRC, har takardun biza duk da shi na cika. Daga baya na ji ashe abin ya sha faruwa, a Amurka ma kamfanin sadarwa na Verizon sun daina riƙe imel a 2017 suka maida mutanensu imel ɗin kamfanin AOL.

Wasiƙar ta ce akwatin zai ci gaba da aiki na ɗan lokaci, bayan nan kuma sai abin da sabon mai shi ya ga dama. Abin da na fara yi shi ne na shiga saitin tsohon akwatin ta burauza, ba ta manhajar waya ba, don a waya ba za ka ga wurin ba sam, na nemo inda aka rubuta Forwarding, wato fowadin, tura duk saƙon da ya shigo zuwa wani adireshin, na sa adireshin Gmail ɗina. Akwai wani ɗan akwati a ƙasa na barin kwafi a tsohon wurin, na danna shi, kuma ina ba kowa shawara ya danna, in wani saƙo ya ɓata a hanya ka san inda za ka je ka lalubo shi. Minti biyar an gama. Na tura wa kaina gwaji daga imel ɗin maiɗakina, ya shigo.

To amma fowadin sabbin saƙonni kawai yake turowa, tsofaffin da suka taru shekara da shekaru suna nan zaune a inda suke. Wannan ne ya fi cin lokacina. Na sauke Thunderbird, manhajar karanta imel, a kwamfuta, kyauta ne, na haɗa akwatunan biyu ta IMAP, hanyar da manhaja ke bi ta ga duk foldojin akwati, sai na riƙa jan folda daga hagu ina sakewa a ɗaya ɓangaren. Gaskiya na yaba masa ƙwarai, ko da yake in folda ta yi girma gara ka riƙa kwasa kaɗan-kaɗan, ni dare uku na yi bayan sallar isha'i a teburin kicin ina kallon layin nan na ƙasa yana ƙirga saƙonni. Gmail na ba da giga 15 kyauta amma tare da hotunanka da Drive ake lissafi, don haka ka duba sauran wuri kafin ka fara.

Sai matsalar da ban san da ita ba. Bayan kamar sati biyu maiɗakina ta ce Baban yara ka ga saƙon makaranta kuwa, na ce wane saƙo, na duba babu, sai can a spam na tsinto shi tare da wasu guda huɗu. Dalilin shi ne akwai wani tsari da ake kira SPF, kowane kamfani yana bayyana injinan da aka yarda su aika saƙo da sunansa, to idan tsohon akwatinka ya karɓi saƙon makaranta ya sake turowa, a wurin mai karɓa saƙon na ɗauke da sunan makaranta amma ya fito daga injin da makarantar ba ta san shi ba, sai a yi zarginsa. Tsohon kamfanin namu haka yake turowa kai tsaye ba wani gyara. Maganin da na yi shi ne filta a Gmail, duk saƙon da aka aiko wa tsohon adireshin kar a kai shi spam, kuma a manna masa jan lakabi. Jan lakabin nan ya fi komai yi min amfani, da na ga ja na san wannan wurin har yanzu tsohon adireshi yake riƙe da shi, sai in shiga in canja a take in rubuta a ɗan littafin da na ajiye gefen kwamfuta. Na fara da banki da duk inda ake turo kod na canja faswod, don in akwatin ya mutu kafin ka canja waɗannan, ka shiga uku.

Da na zo ba mutane sabon adireshi sai na tsaya na yi tunani, in na ba su na wani kamfanin ai gidan jiya na koma. Sai na sayi domen, wato sunan da ke zuwa bayan alamar @ a adireshin imel, da sunan gidanmu, kusan dala 10 ne a shekara, na kunna Email Routing na kamfanin Cloudflare, wanda ke karɓar saƙon da aka aiko wa domen ɗinka ya tura maka akwatinka. Wannan shi ne abin da na fi jin daɗinsa a duk wahalar nan. Kyauta ne, shi da kansa yake sa bayanan MX da ake buƙata, waɗanda ke nuna inda za a kai saƙonnin domen ɗin, kai dai ka rubuta adireshin da kake so da inda za a riƙa kai maka, su turo maka saƙon tabbatarwa ka danna, shikenan. Na buɗe ɗaya nawa ɗaya na maiɗaki ɗaya na harkar makaranta da yake shigo mana mu biyu ta hanyar filta. Kuma suna sake rubuta adireshin da ke bayan saƙon yadda SPF ba zai kama shi ba, tun da na fara ban ga nasu a spam ba.

Abu ɗaya da ya kamata mutum ya sani kafin ya fara, karɓa kawai yake yi, ba akwati ba ne da za ka buɗe ka rubuta amsa a ciki, in ka amsa daga Gmail mutum adireshin Gmail zai gani sai dai in ka haɗa wata hanyar aikawa ta daban. Ni hakan bai dame ni ba. Kuma kar ka manta da sabunta domen duk shekara, ni na sa yana cirar kuɗin da kansa.

Yanzu wata biyar ke nan, jan lakabin ya ragu sosai, a satin nan sau ɗaya na gan shi, wani kantin da na taɓa sayen takalmin yara ne, shi ma na shiga na canja.