Shagon maganin kaji na kusa da babbar kasuwar Tahoua: rigakafinsu na kirki ne, shawararsu sai an tace

Abin da ya raba wannan shago da masu baza magani a rana shi ne firigo. Maganin rigakafin Niyukasul, cutar da ke share kaji da hunturu, yana son sanyin digiri 2 zuwa 8. A Tahoua kuwa, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, kwalbar da ta wuni kan tebur ta tashi aiki. Nasu firigon da hasken rana yake aiki, ko an ɗauke wuta sanyinsa na nan, kuma ba sa miƙa kwalba sai cikin leda da ƙanƙara.

Suna da Ita-New, rigakafin Niyukasul na allura, rabin mililita ga kowace babbar kaza. Ga 'yan tsaki akwai rigakafin da ake ba su cikin ruwan sha: HB1 na Niyukasul a makon farko, na cutar Gumboro wajen kwana 14, LaSota, shi ma na Niyukasul, wajen kwana 21. Mai shagon yana bayanin na ruwan sha daidai: a hana su ruwa kamar awa 2 su ji ƙishirwa, a dama da ruwan rijiya mai sanyi, ban da na famfo domin kulorin, sinadarin tsabtace ruwan famfo, na kashe maganin, su shanye cikin awa 2, ragowar a binne. Sai dai kwalbar ta kaji 1000 ce, kuma in an buɗe ba a ajiyewa. Mai tsaki 40 ya haɗa kai da maƙwabta su yi rana ɗaya.

Inda shagon ya gaza shi ne in mai gida ba ya nan. Duk wanda ya ce tsakinsa na mutuwa, yaran shago sai su miƙo masa oksitetrasikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba tambaya. Alhali yawan mutuwar makon farko ba ta magani ba ce, ta ɗumi ce. Tsaki na son digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa ragewa da kamar 3 kowane mako. In sun cure wuri ɗaya suna tsuwa, suna hawa kan juna, sanyi ne, na ƙasa su ke mutuwa. In sun gudu gefe, baki buɗe, fukafukai a sake, zafi ya yi yawa. Mai ɗumama su da gawayi ya bar kafar iska a sama, hayaƙin na kashe su cikin dare. Kashin da ya manne a dubura a jiƙa shi da ruwan ɗumi, kada a fizge. In suna tsattsagar juna har jini, duba cunkoso da ƙarfin haske, a ware wanda ya ji ciwo nan take.

Kashin jini tsakanin mako 3 zuwa 6 yawanci koksidiyosis ne, wata cutar hanji: maganin amfuroliyom ake ba su kwana 5, a kwashe jiƙaƙƙen shimfiɗi. Koren zawo da murɗewar wuya kuwa alamar Niyukasul ce, ba ta da magani, kuma ba a yi wa marar lafiya rigakafi. A ware su, a binne matattu, a kira ma'aikacin kiwo.

Yaran shagon ba sa kuma faɗin kwanakin da za a daina cin ƙwai da nama bayan magani, wannan kuwa lafiyar iyali ce. Karanta takardar kwalbar kafin ka bar shagon, in ba ka jin Faransanci ka jira mai gida ya karanta maka.