Mycenae ko Acrocorinth: wanne ya fi ga mai rana ɗaya?

Malam, ka ce taro zai kai ka Atina a ƙasar Girka, rana ɗaya tal za ta rage maka, kuma kana so ka ga yadda Girkawan dā suke kare garuruwansu. Tambayarka ita ce, tsakanin Mycenae da Acrocorinth wanne za ka zaɓa. Duka biyun hanya ɗaya ce ke kai mutum. Acrocorinth ya fi kusa, kamar kilomita 90 daga Atina, Mycenae kuwa wajen 120.

In Girkawan dā kake nema da gaske, tafi Mycenae. Ganuwarsa ta haura shekara dubu uku, kuma da manyan duwatsu aka jera ta, nauyinsu ne ke riƙe da su. Girmansu ya sa Girkawan baya suka ce ba aikin mutum ba ne, wai wasu ƙattai masu ido ɗaya ne suka ɗora su. Babbar ƙofar, wadda ake kira Ƙofar Zakuna, an gina ta wajen shekara 1250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Jama'a sukan ɗauki hoton zakunan su wuce, kai kam ka tsaya ka dubi damanka. Akwai wani bango da aka turo shi gaba a wannan gefen, kuma da gangan ne. Mayaƙi da hagu yake riƙe garkuwa, don haka duk wanda ya doso ƙofar, gefensa na dama a buɗe yake ga masu mashi da kibiya da ke sama, ga wurin matsattse, ba damar a shigo da yawa lokaci guda.

Abin da ya fi wannan burge ni shi ne maganar ruwa. Ganuwa komai kaurinta ba ta hana ƙishirwa idan abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya. Sai suka faɗaɗa ganuwar ta arewa maso gabas, suka haƙa matakala ta cikin bangon ta gangara ƙarƙashin ƙasa zuwa wata ma'ajiyar ruwa, wadda ake jawo wa ruwa a ɓoye daga marmaron da ke waje. Duhu ne sosai a ciki, ka riƙe tocila. Inda Mycenae ya gaza shi ne cikin garin: yawanci tushen gine-gine ne kawai, kuma motocin 'yan yawon buɗe ido ba sa yankewa. Zinariyar da Schliemann, wani Bajamushe mai tonon kayan tarihi, ya tono a 1876 ma ba a can take ba, tana babban gidan tarihi na Atina.

Acrocorinth wani abu ne daban. Tsauni ne mai tsayin mita 575 a saman tsohon birnin Korinti, kuma wanda ya riƙe shi ya riƙe mashigar kudancin Girka ta tudu. Shi ya sa sarakunan Masedoniya suka girke dakaru a kai, har Aratus, wani jagoran yaƙi na Girkawa, ya hau da tsani cikin dare ya ƙwace shi a shekara ta 243 kafin haihuwar Annabi Isa. Ta yamma ake shiga, ƙofa uku a jere, kowace da bangonta, ga gwalalo a gaban ta farko. Da marmaronsa a can sama.

Sai dai kar a ruɗe ka: mafi yawan ganuwar da ido ke gani ba ta Girkawan dā ba ce. Rumawan Gabas sun gina, Turawan yaƙin Salibiyya sun ƙara, Daular Usmaniyya ta Turkawa ta karɓe wurin a 1458, mutanen Venis ta Italiya suka riƙe daga 1687 zuwa 1715, kowa ya ɗora nasa a kan na wani. Har kufan masallaci akwai a ciki. Aikin dā na ainihi sai ka neme shi, mafi fitowa fili shi ne hasumiyar da ke dama da ƙofa ta uku. Amma wajen faɗi da kallo daga sama, inda ake hango teku ta ɓangare biyu, Mycenae bai kama ƙafarsa ba. Hawan akwai wuya, duwatsun hanyar sun goge suna da santsi, inuwa kuma babu. Mai ciwon gwiwa ya haƙura.

In za ka ɗauki hayar mota, za ka iya haɗa su: Acrocorinth da sassafe kafin rana ta yi zafi, Mycenae bayan azahar. In kuwa ɗaya ne dole, Mycenae, sa'annan ka ƙara kamar kilomita 20 zuwa Tiryns, wani tsohon gari mai ganuwa irin ta Mycenae, inda bangon ya fi kauri har akwai ɗakuna da hanyar wucewa a cikinsa.