Chalk Paint na Annie Sloan a kan kabad ɗin kicin

Mai son mayar da kicin ɗin zamani ya yi kama da na tsofaffin gidajen gona na Ingila, wannan fentin yana biyan buƙata. Annie Sloan, wata mai zane 'yar Burtaniya, ta ƙirƙiro shi a 1990. Ba ya ƙyalli, yana bushewa da wuri, lita ɗaya kuma tana rufe kusan murabba'in mita 13. Launin Old White da Duck Egg Blue su suka fi dacewa da wannan salo, musamman in aka canza hannuwan ƙofofin zuwa na baƙin ƙarfe ko tagulla.

Ana cewa ba ya buƙatar sanfefa. A kan katako haka ne, amma ƙofar fomaika mai santsi sai an ɗan goge ta, in ba haka ba fentin zai ɓare a bakin hannu. Maiƙon girki shi ne babban abokin gabansa: a wanke ƙofofin da ruwan ɗumi da sabulu, su bushe sarai, sannan a shafa fentin sau biyu. Katakon maɗaci yakan fitar da ja-ja ta cikin farin fenti, don haka a fara rufe shi da shellac, wani ruwan shafe katako da ke hana launinsa fitowa.

Inda yake da rauni shi ne kakin da ake shafawa a kai. Yana ɗaukar har sati 3 kafin ya yi ƙarfi, kuma kusa da murhu yana kama datti. A kicin, Chalk Paint Lacquer, wani ruwa garai-garai da ake shafawa a kan fentin maimakon kaki, ya fi shi ƙarko. Kuma lacquer ba ya kamawa a kan kaki, sai a zaɓi ɗaya tun farko.