Tsakanin faifan Watchtower biyu, ɗauki na 1989

Ɗan'uwa, tunda kuɗin faifai ɗaya ne a hannunka, a cikin faifan nan biyu na ƙungiyar kiɗan metal ta Watchtower ɗauki Control and Resistance na 1989, ka bar Energetic Disassembly na 1985 sai wani jiƙon. Duka biyun suna nan a ɗakina, ba labari aka ba ni ba.

Na 1989 ɗin na hannu na saye shi, kwalinsa ma da tsaga a gefe. Daren da ya iso, ni da ƙanena muka zauna a tsakar gida muna saurare. Shi yana taɓa kiɗan ganga, sai ya fara bin bugun makaɗin gangarsu Rick Colaluca da yatsu a kan gwiwarsa. Kafin a yi minti ɗaya lissafin ya kuɓuce masa, domin awon kiɗan ba ya tsayawa wuri guda, ka kama wannan sun riga sun tsallaka wani. Sau huɗu ya sa na maido da waƙar farko. Abin da ya riƙe ni kuwa jitar bas ta Doug Keyser ce, tana fita tangaran, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da jitar Ron Jarzombek kamar masu hira. Har yau in na gaji da hayaniyar gari shi nake sakawa.

Kafin su kai ga wannan faifan sun sha canji. A Austin ta jihar Texas a Amurka aka kafa ƙungiyar a 1982. Makaɗin jitarsu na farko, Billy White, ya tafi, Jarzombek ya zo daga San Antonio ya maye gurbinsa. A 1988 mai rera musu waƙa, Jason McMaster, ya koma ƙungiyar Dangerous Toys, daga baya suka ɗauko Alan Tecchio na ƙungiyar Hades ta New Jersey. Kamfanin Noise na Jamus ya kai su Yammacin Berlin, a can suka naɗi faifan 'yan watanni kafin katangar birnin ta faɗi. Muryar Tecchio siririya ce, tana hawa sama sosai, za ta iya yi maka tsini a kunne da farko. Ka yi haƙuri da ita kwana biyu.

Na 1985 kuma, to, shi ya share fage, su da kansu suka fitar da shi da tambarin Zombo Records. Amma sautin ba kauri, kuma kuɗin da na zuba a kansa har yanzu yana min ciwo. Bai fi sau uku na saurare shi har ƙarshe ba.

Sai ka yi hattara da 'yan kasuwar intanet. Da sun ga ƙungiyar ba ta shahara ba sai su buga jabu, su ce maka bugun farko ne. Ka sa a turo maka hoton bayan faifan da rubutun da ke zagaye da ramin tsakiya kafin ka tura ko sisi. Wanda kuma ya ce yana da kundinsu na uku, Mathematics, cikakke, ƙarya yake yi. Bayan Berlin Jarzombek ya yi fama da ciwon hannu har aka yi masa tiyata, tafiyar ta tsaya, kundin bai taɓa fitowa ba. Abin da aka samu daga cikinsa shi ne Concepts of Math: Book One na 2016, waƙoƙi biyar kacal.